Tambayar da Ban Fassara Ba

Surukina ya girme ni da shekara goma sha ɗaya kawai. Laifin yawo ne. Na cinye ƙuruciyata cikin manyan motoci tsakanin Agadas da Tamanrasset da Sabha, na yi dako a bakin teku a Abijan, na dawo na shafe shekaru ina kai baƙin Turawa Timiya da Bilma ina yi musu tafinta. Ban yi auren zama ba sai da furfura ta fito mini a gemu. Mutumin da ya isa ya zama yayana, shi ya ba ni ɗiyarsa, ya zama Baba.

Maƙerin azurfa ne a tsohon gari. Zobba yake yi, da 'yan kunne, da abin wuyan nan na Agadas da baƙi ke rububi. In na je maƙerarsa nakan tuɓe takalmi tun daga ƙofa, in durƙusa, in gaishe shi ina kallon tabarma. Shi kuma ya ja rawani ya rufe bakinsa, ya amsa yana kallon wuta. Ban taɓa faɗin sunansa ba. Ban taɓa cin abinci ko shan ruwa a gabansa ba. Shekara goma sha bakwai muna haka, har ana ba da misali da mu a unguwa, ni kuwa ina jin daɗin a ce duk yawon da na yi bai wanke mini ido ba.

Da shayi abin ya fara. Wata safiya na je gaisuwa na tarar yana zuba wa wani abokin cinikinsa. Ya ɗaga butar shayin sama yadda ya saba, shayin ya sauko ya zuba a kan tabarma, taƙi guda daga kofin. Ya tsaya yana kallon wurin. Ya sake ɗagawa, ya sake zubawa a ƙasa. Sai ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya zuba da dama, shayi ya shiga kofi.

"Kofi biyu nake gani," in ji shi ga baƙon, ba ni ba. "Na zaɓi wanda babu."

Kafin sati biyu fatar idon hagun ta sauko ta rufe shi ruf, kamar an saki labule. Ya ce Allah ya tausaya masa ne, ya rufe masa taga ɗaya don ya daina ganin mutanen unguwa biyu-biyu, tunda ɗaya-ɗayansu ma sun ishe shi. Aka yi dariya. Wasu suka ce hayaƙin gawayi ne na shekara hamsin. Wasu suka ce iska ce ta buge shi. Aka kawo kwalli, aka yi tofi, aka shafa abin da aka shafa. Ido bai buɗe ba.

Akwai wani abu kuma da na gani tun kafin idon, na ajiye shi inda ake ajiye abin da bai kamata suruki ya gani ba. A cikin gaisuwa ɗaya, wadda ba ta wuce a dafa shayi a sha ba, Baba yakan tashi sau biyu ya ɗauki butar ruwa ya zagaya bayan gida. Yakan daɗe. In zai tashi sai ya dafa uwar maƙera da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ƙugu. Nakan sunkuyar da kai in yi kamar ina duba zanen tabarma har ya dawo.

Ana nan aka ce baƙin likitocin ido sun zo gari, masu cire yanar ido, za su yi 'yan kwanaki. Matata ta ce in kai Baba, tunda 'yan'uwanta maza ɗaya yana Arlit ɗaya yana Libiya, mahaifiyarsu kuma ta riga mu gidan gaskiya. Na samo mota muka tafi. Yana gaba, ina baya.

Likitar da muka faɗa hannunta mace ce, baƙuwa, ba ta jin komai sai Faransanci. Akwai ma'aikacin jinya ɗan gari da ke yi musu tafinta, amma ana kiransa ɗaki uku a lokaci guda. Ya ce mu jira shi. Na ce ba sai an jira ba, ni wannan aikina ne tun bai fara zuwa lakkol koyon boko ba. Har yau in na tuna yadda na faɗi maganar nan, da yadda na gyara zaman hula, sai in ji kamar in tashi in bar wurin da nake zaune.

Ta ɗaga fatar idon da babban yatsa. Ƙwayar ta karkata waje, tana kallon wani wuri dabam. Ta kaɗa yatsa sama da ƙasa, idon dama ya bi, na hagu ya tsaya inda yake. Ta haska fitila, ta duba, ta sake dubawa. Sannan ta ce idon kansa lafiyarsa ƙalau, babu yana, jijiyar da ke juya shi da ɗaga fatarsa ce ta daina aiki, kuma jijiyar nan daga can cikin kai take fitowa. Na fassara. Ta tambayi ciwon suga, na fassara. Hawan jini, na fassara. Ciwon kai, faɗuwa, buguwa, duk na fassara, yana amsawa ta bayan rawani.

Sai ta ajiye fitilar ta yi doguwar tambaya. Yaya fitsarinsa? Sau nawa yake tashi? Yana fita da ƙarfi ko sai ya yi nishi? Ya taɓa ganin jini? Ƙashin bayansa ko na ƙugu yana yi masa ciwo? Tana yi tana nuna ƙasan cibiyarta da hannu.

Na ji kowace kalma. Ina da ita a Hausa, ina da ita a Buzanci, ina da ita a Larabci da Zabarmanci. Na buɗe baki, na kalli gefen rawanin Baba, na kalli hannayensa masu tabon wuta a kan gwiwa.

"Baba," na ce, "tana tambaya ko akwai wani wuri a jiki da ke damunka."

"Ido ya kawo ni," in ji shi.

Na juya na ce mata babu komai.

Ta dube ni. Duk wanda ya yi aiki da tafinta ya san bambancin tsawon tambaya da tsawon fassara. Ta ce, "Kun tambaye shi duka?" Na ce duka. Ta ce to madalla, domin da akwai wahalar fitsari da ciwon ƙashi, da yau ɗin nan za ta rubuta mana takarda zuwa Yamai. Ta yi mini bayani a tsanake, kamar mai magana da wanda ta yarda da shi. Maza suna da wani ɗan ƙululu a ƙarƙashin mafitsara, prostat. A wasu tsofaffi ciwon daji yakan kama shi, ya bi jini ya hau ƙashi, wani lokaci har ƙashin gindin kai, inda jijiyoyin ido suke ratsawa, ya danne su. Ba kasafai ba ne, in ji ta, amma ta taɓa gani, ido ya zama shi ne ya fara kai ƙara. Tunda babu waɗannan alamu, mai yiwuwa 'yar jijiyar jini ce ta toshe, irin wannan kuwa takan warware da kanta. Mu ba shi wata uku. In bai buɗe ba, ko wani abu ya ɓullo, mu tafi Yamai a ɗauki hoton kai.

Na fassara wa Baba wata ukun. Sauran na riƙe.

Daga ranar nan zama ya gagare ni. In na zauna a majalisar ƙofar gida sai in miƙe kafin a gama zagayen shayi na farko. In bi lungunan tsohon gari, in fita ta kasuwar dabbobi, in tsaya kallon raƙuman da ba zan saya ba, in zagayo ta gindin hasumiyar babban masallaci, in sami kaina a bakin lungun maƙera. In tsaya. In ji ƙarar guduma, in ce to yana aiki, da sauƙi. In ban ji ba, in ce yana bayan gida da buta. Sai in juya.

Ina tafiya ina gwada jimlar a bakina. A Hausa ta yi tsirara da yawa. A Buzanci ta fi muni, don su Buzaye ko kofin shayi ba sa kaiwa baki a gaban suruki sai ta ƙarƙashin rawani. Na ce ko da Larabci, harshen da malam ke karanta babin tsarki da shi bayan la'asar, ya faɗi kalmar nan sau ashirin ni da Baba muna sahu ɗaya ba wanda ya motsa. Amma malam ga jama'a yake faɗa. Ni ga mutum ɗaya zan faɗa, kuma amsa nake so.

Na tuna wani Bafaranshe da na kai Timiya shekarun baya tare da uban matarsa. Tsohon ya kamu da gudawa a hanya, surukin ya riƙe shi bayan dutse, ya wanke shi, suka dawo suna yi wa juna ba'a. A lokacin na ce wa shofer ɗinmu, mai tuƙa mu, waɗannan mutane Allah bai ba su kunya ba. Na tuna Sabha, inda na raka wani abokin aikina gidan likita, ya zayyana komai a gaban ƙannensa uku kamar mai lissafin kayan mota. A Abijan kuwa 'yan dako a jere suke tsayawa jikin bango suna hira. Duk na gani, duk na auna, kullum in ce namu ya fi. Yanzu ga namu ya tsaya mini a maƙogwaro, ba ya shiga ba ya fita.

A sati na uku na gaya wa matata. Tana tankaɗe, ta tsaya da rariya a hannu.

"Ka ce mata babu komai?"

"Na ce."

"To koma ka gaya masa."

"Ke ɗiyarsa ce. Ke ki tambaye shi."

"Ni? Alhaji, ka ji abin da kake faɗa kuwa? In dubi Baba in tambaye shi wannan?" Ta koma tankaɗe da ƙarfi, gari yana tashi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni ke wanke masa tufafi. Na san akwai."

Muka kira yayanta na Arlit. Ya ce zai zo ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya ce aiki ya riƙe shi. Na san ba aiki ba ne, shi ma jimlar yake gwadawa a bakinsa. Baƙin likitoci sun daɗe da tafiya. Na yi tunanin in ce wa Baba kawai mu tafi Yamai, amma ni da bakina na gaya masa wata uku, kuma ba mutumin da za a ɗaga daga maƙerarsa ba dalili ba ne. Zai tambaya, dalilin kuwa shi ne abin da na kasa faɗa.

Sati bakwai. Wuyan rigar Baba ya yi masa yawa. Ya daina zama a ƙasa gaban uwar maƙera, aka kawo masa kujera, daga baya gudumar ma ta yi shiru. Ana cewa ido ne ya hana shi aiki.

Wata ranar kasuwa ina cikin yawon nan nawa na ji an ce, "Kai, mijin ɗiyata! Ka wuce ni sau uku yau. Aljani kake nema ko ni?"

Taubashiyar Baba ce, ɗiyar ƙanwar mahaifinsa. Tsohuwa ce mai sayar da dabino da gishirin Bilma, bakinta ba ƙofa. Tun suna yara take wasa da shi, kuma a duk Agadas ita kaɗai ke iya fizge masa rawani a bainar jama'a a yi dariya. Na tsaya ina kallonta kamar yau na fara ganinta. Sati bakwai ina zagaya gari, ga ta nan zaune kan buhu.

Na durƙusa. Na fara da lafiyar Baba, na bi ta ido, na bi ta likita, na ce akwai wata tambaya da ta shafi, wato, abin da ya shafi buta.

"Fitsari," in ji ta, da muryar da mai tumatir na gefe ya juyo.

"Shi."

Na gaya mata duka. Ta saurara tana kore ƙuda daga dabino. Da na gama ta ce, "Harshe nawa aka ce kana ji?"

"Shida, Inna."

"Shida. Ni ɗaya gare ni, tashi ka ga aikinsa." Ta ce wa mai tumatir ya duba mata kaya, ta ɗaura mayafi.

Ban shiga maƙerar ba. Na tsaya a lungu, jikin bango, inda ake jin komai.

"Ina mijin nawa mai ido ɗaya? Ashe kashe mini ido kake yi tun watan jiya ban sani ba!"

"Wa ya buɗe wa wannan ƙofa? Koma kan gishirinki, tsohuwar banza."

"Ba inda za ni. Kai bawana, sau nawa kake zagayawa da butar nan kafin azahar?"

Ta ƙara ɗaga murya.

"Da kai nake. Yana fita, ko ɗiga yake kamar tulun da ya tsage?"

"Ke ba ki da kunya."

"A kanka na sayar da ita tun muna tsirara. Akwai jini?"

Na ji kujera ta yi ƙara. Na ji ya yi tari. Sannan, da wata murya da ban san shi da ita ba, ya ce, "Wani lokaci." Ta tambayi baya. Ya ce bayan ne ma ya fi, kamar ana gasa ƙarfe a ciki. Ta ce tun yaushe. Ya ce tun kafin azumin bara.

Sai ta daina wasa. Ta gaya masa abin da likita ta ce, yadda na gaya mata, ba ta rage ko ɗaya ba, har da cewa ni na haɗiye tambayar.

"Na sani," in ji Baba. "Ba na jin Faransanci, amma ina da ido ɗaya. Na ga inda matar ta nuna da hannu."

"Ka gani ka yi shiru?"

"Yaron ya rufa mini asiri. In tona a gabansa?"

Yaron. Ina da shekara sittin da biyu a lokacin, ina tsaye a lungu ina goge fuska da hannun riga.

"Asirin me?" in ji ta. "Ku biyu kun zauna kuna ta ladabi, abu yana cin ƙashinka. Jibi za ku Yamai. In ka ƙi, wallahi a kasuwa zan yi shela, in faɗi har da sau nawa."

Ba wanda zai raka shi sai ni. Muka shiga kar, babbar motar Yamai, na ba shi wajen taga. Duk wanda ya bi hanyar Tawa ya san yadda take girgiza mai lafiya, balle mai ciwon ƙashi. Bai yi ko nishi ba. Amma tun ba mu yi nisa ba na ga yana motsa gwiwa, yana damƙe bakin kujerar gaba. Gumi ya jiƙa gefen rawaninsa. Na san ba zai yi magana ba ko da zai jiƙa kujerar. Na kalli gaba, na kalli taga, na kalli takalmina. Ba taubashiya a motar nan.

"Baba," na ce. "Fitsari ne?"

Bai juyo ba. "Shi ne."

Na miƙe na yi wa shofer magana. Ya ce ba a tsayawa sai Abalak. Na gaya masa da Hausa, na maimaita da Zabarmanci, na ƙara da Faransanci da ƙarfi yadda duk motar ta ji, cewa tsoho ne mara lafiya kuma ubana ne. Ya tsaya. Na riƙe Baba ya sauka, na ɗauki buta, na kai shi bayan wata ƙaya, na juya baya ina riƙe da gefen rigarsa don kada ya faɗi. Sau shida muka yi haka kafin Yamai. Daga na uku shofer da kansa yake leƙowa ta madubi.

A Yamai aka auna jini, aka ɗauki hoto, aka sake ɗauka. Abin da baƙuwar likita ta ji tsoro shi ne. Ciwon dajin prostat ne, ya hau ƙashin baya da na ƙugu, ya kai gindin kai ya danne jijiyar idon. Likitan can Bahaushe ne, ba ya bukatar tafinta, amma Baba ya ce in zauna. Aka yi masa tambayoyin nan duka a gabana, ya amsa duka. Likita ya ce ba za a iya cire shi ba, amma akwai allura da ake yi duk wata uku, takan kwantar da shi, ta rage ciwo, ta ƙara kwana in Allah ya so.

Na bi likitan waje. Na gaya masa maganar sati bakwai, na ce da mun zo tun ranar, da yaya? Ya ce tun da ido ya faɗi ciwon ya riga ya yaɗu, wannan ba laifin kowa ba ne. Na ce ba wannan na tambaya ba. Ya dube ni ya ce, "Da ya huta da sati bakwai na ciwo. Sauran, Alhaji, ban sani ba." Na so ya ce babu bambanci. Bai ce ba.

Wata biyu bayan allurar farko fatar idon ta fara ɗagawa, kaɗan kaɗan, har ta buɗe rabi. Ciwon bayan ya lafa. Bai koma ɗaukar guduma ba, amma yakan zauna a maƙera yana goge tsofaffin zobba. Wata safiya na je gaisuwa, na durƙusa inda na saba, na tarar yana dafa shayi ba baƙo. Ya ɗaga buta, ba can sama kamar da ba, ya zuba. Shayi ya shiga kofi. Ya turo mini.

Na ce na gode, Baba, na sha a gida.

"Tun daga hanyar Abalak kake riƙe mini buta," in ji shi, yana kallon wuta. "Shayina ne za ka ji wa kunya?"

Na ɗauka. Na juya fuska gefe na sha. Ya yi zaƙi da yawa, hannunsa ya saba da awon azurfa ba na sukari ba, amma na shanye.

Ya yi shekara ɗaya da wata biyar bayan nan kafin Allah ya yi masa rasuwa. Maƙerar tana rufe yanzu, jikokinsa ba wanda ya ɗauki sana'ar. Ni kuwa yawon cikin gari bai sake ni ba. Ƙafa ta saba, nakan fita ba dalili, in bi ta kasuwar dabbobi, in zagayo ta masallaci, wani lokaci in tarar ina ƙirga satittikan nan a yatsu, kamar in na sake ƙirgawa za su ragu. In na ratsa ta wajen masu dabino, tsohuwar tana nan kan buhunta, ta ƙara tsufa, bakin bai tsufa ba. Tun daga nesa take ɗaga murya.

"Tafinta! Yau kuma me ka haɗiye?"